Gona ɗaya a Montenegro: yadda kajin iri 17,000 suka tsayar da kasuwar kajin Brazil

Ranar Juma'a 16 ga Mayun 2025 ma'aikatar gona ta Brazil ta fitar da sanarwar da masu kiwon kajin ƙasar suka shekara biyu suna fargabar ji. An tabbatar da murar tsuntsaye mai saurin kisa, nau'in H5N1, a wata gonar kasuwanci da ke ƙaramar hukumar Montenegro. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, ba ƙasar nan ta Turai ake nufi ba. Wani gari ne a jihar Rio Grande do Sul, can ƙuryar kudancin Brazil, kusa da birnin Porto Alegre.

Kajin gonar kusan 17,000 ne. Brazil kuwa tana yanka kaji sama da biliyan 6 a shekara, wato idan aka baje lissafin, ko minti biyu ba a cikawa mayankanta sun gama da adadin kajin wannan gona. Duk da haka, kafin gari ya waye kasuwar Sin, wadda a lokacin ta fi kowa sayen kajin Brazil, ta rufe ga ƙasar baki ɗaya. Haka Tarayyar Turai da Koriya ta Kudu. Cikin 'yan kwanaki Mekziko, Ajantina, Chile, Afirka ta Kudu da wasu da dama suka bi sahu. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Garin da aka ɓata ba kaɗan ba ne. A 2024 Brazil ta fitar da naman kaza tan miliyan 5.29, na kusan dala biliyan 9.9, kimanin kashi ɗaya cikin uku ke nan na duk naman kazar da ke ƙetare iyaka a duniya. Bayan Sin, manyan masu sayen a shekarar su ne Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Japan, Saudiyya da Afirka ta Kudu. Babu ƙasar da ta kai ta fitar da kajin halal, don haka alhajin da ya ci shinkafa da kaza a Makka ko Madina, ba mamaki cinyar da ya ɓare daga jihar Paraná ko ta Santa Catarina a Brazil ta taso.

Kaza mai 'ya'ya

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne irin kajin da cutar ta faɗa wa. Gonar ba ta kiwon kajin yanka. Iyaye ne a cikinta, kaji da zakarun da aikinsu yin ƙwan ƙyanƙyasa, kuma tana miƙa ƙwan ga kamfanin Vibra Foods.

Sai an san yadda zuri'ar kajin gidan gona take kafin a gane girman wannan. Kazar da ake yankawa tana da mako shida ba ta barin baya, ita ce ƙarshen layi. Sama da ita akwai iyaye, sama da su kakanni, sai kakannin kakanni, sannan can ƙololuwa tsantsar iri, waɗanda ake zaɓa ɗaya bayan ɗaya ana auna girmansu, cinsu da ƙarfin ƙafarsu. Wannan ƙololuwar a hannun kamfanoni ƙalilan take. A fannin kajin nama biyu ne suka mamaye duniya: Aviagen mai irin Ross, da Cobb-Vantress na Amurka. Kowane hawa aka sauko adadin yana ninkuwa, domin uwa ɗaya kan ba da 'yan tsaki sama da ɗari a zamanin ƙwanta. Saboda haka mutuwar iyaye 17,000 giɓi ne na 'yan tsaki da za a lissafa da miliyan. Kuma ba a cike shi da gaggawa, tunda uwa sai ta yi wajen wata shida kafin ta fara ƙwan da za a sa a inji.

Afirka ta Kudu ta ɗanɗana wannan a 2023, lokacin da murar tsuntsaye ta shiga gidajen iyayen kajinta. An hallaka miliyoyi, ƙwai ya yi ƙaranci a kantuna, har ƙasar ta koma shigo da ƙwan ƙyanƙyasa daga waje.

Asarar zuri'a ɗaya ce. Ta biyu, wadda ta fi hana likitocin dabbobi barci, ita ce gonar iyaye tana da ƙafa. Gonar kajin nama takan rufe ƙofa mako shida, ta buɗe ranar kwasa. Gonar iyaye kuwa kullum ana tsintar ƙwai, mota tana zuwa a kai a kai ta ɗauka zuwa wurin ƙyanƙyasa, inda ƙwan gonaki da yawa ke haɗuwa a inji ɗaya na kwana 21, daga nan kuma 'yan tsakin su watsu zuwa ɗaruruwan gonaki. Ƙwayar cutar tana liƙewa a ɓawon ƙwai, a farantan da ake jera shi, a tayar mota, a takalmin direba. Kafin kaza ta fara nuna alama, ƙwan da ta yi shekaranjiya ya riga ya yi nisa.

Yadda aka bi sawun ƙwan

Brazil ba ta kwana da sakaci ba. Tun ranar 15 ga Mayun 2023 aka fara ganin H5N1 a tsuntsayen teku a gaɓar jihar Espírito Santo, mako guda bayan nan gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyar dabbobi a faɗin ƙasar. Aka hana baƙi shiga gonaki, aka dakatar da baje kolin tsuntsaye. Gidajen kajin iri dama da dokokinsu: raga mai ƙananan idanu da ko ɗan tsuntsu ba ya ratsawa, shinge kewaye da gona, wanka da sauya kaya kafin shiga, fesa wa kowace mota magani a ƙofa, tace ruwan sha, da hana ma'aikaci ajiye ko kaza ɗaya a gidansa. Da wannan aka riƙe cutar a wajen gonakin kasuwanci shekara biyu cur, alhali ta riga ta shiga gonakin kasuwanci a maƙwabta kamar Ajantina. Rana ta ƙarshe ta shekara biyun, 15 ga Mayun 2025, ita ce ranar da ɗakin gwaje-gwajen gwamnatin tarayya da ke birnin Campinas ya tabbatar da samfurin Montenegro.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ya tsage. A daidai wannan lokacin agwagi da wasu manyan tsuntsayen ruwa suna ta mutuwa a gidan namun daji na Sapucaia do Sul, a jihar dai, kuma gwaji ya nuna ƙwayar cutar wuraren biyu dangin juna ce. Wannan ya karkata zargi ga tsuntsayen daji. A gonar kanta cutar ba ta yi wasa ba: mafi yawan kajin ita ta kashe su cikin 'yan kwanaki, ragowar ƙalilan ne hukuma ta hallaka.

A ganina abin koyi a labarin nan daga wannan gaɓar ya fara. Tun farkon makon, da aka ga mutuwar ta wuce misali, aka sanar da hukumar jiha, ba a tsaya gwada magunguna ko neman dillalin da zai kwashe masu sauran numfashi ba. Ranar Alhamis sakamako ya fito, ranar Juma'a duniya ta ji daga bakin Brazil da kanta. Aka ayyana dokar ta-ɓaci ta kwana 60 a yankin, aka zana da'ira ta kilomita 3 da wata ta kilomita 10 kewaye da gonar, aka kafa shingaye a kan hanyoyi ana wanke motoci, jami'ai suka bi gidaje da gonaki sama da 500 da ke cikin da'irar suna duba ko da kazar tsakar gida ce.

Sannan aka buɗe littafin ƙwai. Kowane kaya da ya bar gonar akwai takardarsa: ranar fita, adadi, motar da ta ɗauka, inda aka sauke. Da wannan aka gano ƙwan ya isa wuraren ƙyanƙyasa a jihohi uku, Rio Grande do Sul, Paraná da Minas Gerais. Minas Gerais tana da nisan sama da kilomita dubu daga Montenegro. A can kaɗai an lalata ƙwai kusan tan 450, ba don an tabbatar da cuta a cikinsa ba, sai don ya zauna wuri ɗaya da wanda ya fito daga gonar. Wanda ya taɓa sayen kiret ɗin ƙwai da kuɗinsa zai ji zafin wannan adadi. Amma bayan haka ba a sake samun cutar a wata gonar kasuwanci ba a shekarar, ko ɗaya.

Kwana 28

Ƙa'idar Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda ke da mazauni a Paris, ita ce ƙasa za ta iya sake kiran kanta mai tsabta daga cutar idan aka hallaka kajin, aka wanke wurin da magani, sannan aka yi kwana 28 ana sa ido ba a ga sabon kamu ba. Lissafin ya fito ne daga kwana 14 da aka ƙayyade cutar na iya ɓuya a cikin garke, aka ninka biyu. Da can wata uku ne, a 2021 aka rage. An gama wanke gonar Montenegro, ƙirga ya fara ranar 22 ga Mayu, ranar 18 ga Yuni Brazil ta ayyana kanta mai tsabta.

Akwai wata gaɓa a cikin ƙa'idar da ba kowa ya lura da ita ba. A wurin hukumar, kazar da mutum ke kiwo a bayan ɗakinsa don cin iyalinsa ba ta shiga lissafin kajin kasuwanci. Shi ya sa tun 2023 ake samun cutar a tsuntsayen daji da kajin tsakar gida a Brazil ba tare da matsayin ƙasar ya taɓu ba. Ranar da ta tsallaka shingen gonar kasuwanci, ranar komai ya sauya.

Wa ya rufe, kuma iya ina

Nan ne lamarin ya fi daɗin nazari, domin cuta ɗaya ce, gona ɗaya ce, amma kowace ƙasa da faɗin ƙofar da ta rufe.

Japan ta hana naman kaza daga ƙaramar hukumar Montenegro kaɗai. Daular Larabawa ma ta taƙaita haramcinta ga yankin da abin ya faru. Saudiyya da Birtaniya suka tsaya a kan jihar Rio Grande do Sul. Sin, Tarayyar Turai da Koriya ta Kudu kuwa ƙasar duka suka haɗa, har da mayankar da ke da nisan kilomita dubu biyu daga gonar. Brazil ta fi Najeriya girma sau tara. A ce an sami cuta a wata gona a Fatakwal, a hana sayen kajin Sakkwato, to abin da ya faru ya ma fi haka nisa.

Bambancin bai zo daga tausayi ko ƙiyayya ba. Daga takarda ya zo. Kowane kwantena na nama yana tafiya da shaidar lafiya da likitan gwamnati ya sa wa hannu, kuma kalmomin shaidar an yi yarjejeniya a kansu tun tuni tsakanin ƙasashen biyu. Idan takardar ta ce naman ya fito daga ƙasar da babu murar tsuntsaye, to ranar da aka sami kamu ɗaya likitan ba zai iya sa hannu ba, ko da naman daga ɗaya ƙarshen ƙasar ya fito. Idan kuwa ta ce daga jiha, ko daga ƙaramar hukuma, sai a cire wannan yankin a ci gaba da lodi. Shi ya sa a wasu kasuwannin Brazil ce da kanta ta fara dakatar da ba da shaidar, kafin ma mai saye ya buɗe baki.

Misalin Japan ya isa hujja. A 2023, da aka sami cutar a kajin tsakar gida, Japan ta rufe jihar Espírito Santo, daga baya ta rufe Santa Catarina, wadda ita ce ta biyu wajen fitar da kaji. Brazil ta ji jiki, ta zauna teburin tattaunawa, kuma a watan Maris na 2025 Japan ta amince a riƙa taƙaita haramcin nama ga ƙaramar hukumar da cutar ta ɓulla. Ko wata biyu ba a yi ba Montenegro ta faru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an bari sai cutar ta zo kafin a nemi wannan sauyi, da babu wanda zai saurara.

Sai dai ko Japan ɗin ba ta yi wa kaji masu rai wannan sassaucin ba. Nama ta taƙaita ga Montenegro, amma tsuntsaye masu rai ta hana daga jihar gaba ɗaya. Wannan ya nuna yadda masu saye ke kallon kajin iri: daskararren nama tukunya zai shiga, ɗan tsako kuwa gona zai shiga, ya zauna cikin 'yan'uwansa.

Katangar gida

Saboda wannan tsoron ne kamfanonin kajin iri suka nemi wata hanya da ta wuce keɓe yanki. Keɓe yanki da taswira yake aiki, a ce daga kogin nan zuwa hanyar can babu cuta. Ɗayan tsarin, wanda za a iya kira keɓe gida, da hali yake aiki. Kamfani zai haɗa gonakinsa, wurin ƙyanƙyasarsa, injin abincinsa da motocinsa ƙarƙashin doka ɗaya ta tsaro, ana gwajin jini a kai a kai, ana rubuta duk wanda ya shiga da duk abin da ya fita, gwamnati tana zuwa bincike. Idan ta gamsu sai ta ba da shaidar cewa wannan gida daban yake da sauran ƙasar, ko da cuta ta kewaye shi. Brazil ta kafa dokar wannan tsari a 2014, kuma Cobb-Vantress ne ya fara samun shaidar a can a 2016.

Dalilin wahalar a bayyane yake idan aka tuna 2015. A shekarar murar tsuntsaye ta ci kaji da talotalo kusan miliyan 50 a Amurka. Sin ta rufe ƙofa ga duk kajin Amurka tun watan Janairu, ba ta buɗe wa naman ba sai Nuwamban 2019. Amma wuƙar ta yanki mai ita, domin mafi yawan kakannin kajin naman Sin daga Amurka ake kawo su, sai ga gonakinta suna neman iri ido rufe. Ƙasar da ta hana shigo da iri, bayan shekara ɗaya ko biyu ita ce za ta rasa 'yan tsaki.

Raunin keɓe gida shi ne shaidar gwamnatinka ba ta tilasta wa kowa. Sai ƙasar da ke saye ta turo mutanenta sun gani, ta yarda, ta rubuta a yarjejeniya. Wadda ba ta yarda ba, katangarka da babu duk ɗaya a wurinta. Haka zancen allurar rigakafi: Brazil ba ta yi wa kajinta allurar murar tsuntsaye, kuma abin da ya sami Faransa ya isa dalili. Da ta fara yi wa agwaginta allura a Oktoban 2023, Japan da Amurka suka taƙaita sayen kajinta, don gudun kada allurar ta ɓoye cuta a jikin tsuntsun da ke yawo lafiya lau.

Inda abin ya taɓa mu

Najeriya ta haramta shigo da daskararrun kaji, don haka wani zai ce ina ruwanmu. Ruwanmu yana wajen iri. Ɗan tsakon da mai kiwo a Kano ko Zariya ke jira daga Ibadan cikin kwali, kakanninsa ta jirgin sama suka shigo daga gidajen waɗancan kamfanonin. Senegal tana cikin manyan masu sayen ƙwan ƙyanƙyasa na Brazil. Ghana kuwa mafi yawan kazar da ake ci a biranenta daga waje ake kawo ta, har da Brazil. Duk ranar da aka rufe wata gonar kakanni a wata nahiya, bayan watanni sai a ji kuɗin 'yan tsaki ya tashi a nan, a yi ta zagin dillali.

Mu ma mun taɓa zama labari. Ranar 8 ga Fabrairun 2006 aka tabbatar da H5N1 karon farko a Afirka, a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna. Kajin sun fara mutuwa tun cikin Janairu, sai da aka yi kusan wata guda kafin sakamako ya dawo daga ɗakin gwaje-gwaje na Padova a Italiya. Kafin nan cutar ta kama hanya. A watan Fabrairun dai aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Diyyar farko da gwamnatin Najeriya ta sanar naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, kuma mai gonar da ya san hakan zai fi son ya kira mai kwasa da dare a kan ya kira likitan gwamnati. A Montenegro kwanaki kaɗan ne tsakanin mutuwar farko da sanarwa. Sannan rabuwar da Brazil ke cin moriyarta tsakanin kazar gida da ta gona, a wurinmu da wuya a nuna ta, tunda a kasuwar kaji kazar ƙauye, zabo, agwagwa da tsofaffin kajin ƙwai na gona duk keji ɗaya suke kwana, kuma kejin gobe zai koma wata gonar ɗaukar kaya.

Abin da ya biyo bayan 18 ga Yuni

Ministan gonan Brazil na lokacin, Carlos Fávaro, ya yi ta nanata cewa an shawo kan cutar, kuma gaskiya ya faɗa. Amma kasuwa ba ta dawo ranar da cutar ta ƙare ba. A watan Yuni kajin da Brazil ta fitar sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka kwatanta da Yunin 2024. Naman da aka shirya wa jirgin ruwa ya juyo kasuwar cikin gida, farashi ya sauka, 'yan Brazil suka ci kaza da araha na ɗan lokaci. A Afirka ta Kudu kuwa kuka aka yi, domin niƙaƙƙen naman kazar da ake haɗa tsiran-kanti mai arha da shi, abincin talaka da 'yan makaranta, mafi yawansa daga Brazil yake zuwa. Ba a daɗe ba gwamnatin ƙasar ta sassauta, ta bar haramcin a kan jihar da abin ya shafa.

Sauran ƙasashen suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata lokacin. Tarayyar Turai sai cikin Satumba. Sin ce ta fi ja, kuma rashinta ya fi ciwo, domin ita ke sayen ƙafafun kaji da tsada, abin da a wasu kasuwannin ba shi da daraja. An fara da zancen kwana 60, aka wuce su, aka ninka. Sai da ta turo masu bincikenta suka duba tsarin Brazil da idonsu, sannan ranar 7 ga Nuwamban 2025 hukumar kwastan ɗinta ta sanar da ɗage haramcin. A lokacin an yi wata biyar da rabi da wanke gonar Montenegro.